Yaron da Golf Ya Ɗauke Mini

A gidanmu, a wani ƙauye bayan Ƙarfi, mu biyu ne maza: ni na fari, shi auta, mata huɗu a tsakaninmu. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, in kuma da baƙi a zaure, "wancan yaron". Idan na shigo sai ya ɗauke kai ya shiga jan carbi. Auta kuwa a cinyarsa yake cin tuwo, ya ja masa gemu a yi dariya. An ce mini kunyar ɗan fari ce, ba ƙi ba ne, haka shi ma Baba aka yi masa. Na yarda, amma yarda daban, jin daɗi daban.

Da na ga ba za a kira sunana ba, sai na ce bari in sa a ga aikina. Tun ban kai tsawon garmar shanu ba nake bin bijimai. In aka yi gayya a gonar wani, samarin da suka girme ni sai dai su hango ƙeyata. Auta fa? Allah ya yi malalaci a nan. A kai shi gona ya ce ƙaya ta soke shi, a cire ƙayar ya ce rana ta yi zafi. Abu ɗaya ya iya a duniya. Ya sami wata tsohuwar ƙotar fartanya da ƙarfenta ya fita, yana bugun ƙwallon goruba da ita. Daga gindin rumbu zai buga, sai ka ji ƙwal a cikin turmin Inna. Kafin ya ƙware ya fasa tuluna da tukunyar miya, ni kuma aka yi wa faɗa don ban hana shi ba.

Muna da kawu, ƙanen Inna, yana aiki a Kaduna a wani fili da manya ke wasan golf. Aikinsa yankan ciyawa da ba ta ruwa. Mu abin dariya ne a wurinmu, ciyawar da muke karya ƙugu wajen cirewa, wai a can shayar da ita ake yi har a biya mutum albashi. Wata shekara bayan kaka ya zo neman yaron da zai taimaka masa, ya kuma sa shi boko. Ina bayan danga ina ɗaurin kara, duk abin da suka faɗa a kunnena.

"Babban nake so," in ji Kawu. "Yana da ƙwazo, nan da nan za a ɗauke shi aiki."

Baba ya ce, "In wancan ya tafi, wa zai riƙe mani shanu? Ɗauki ƙaramin, dama ba abin da yake tsinanawa."

Ka ji fa. Ƙwazona ne ya ɗaure ni, shi kuma lalacinsa ya kwance shi. Ranar da suka tafi ni na ɗauki ƙunshin kayansa a ka har bakin titi, yana ta kuka wai ba ya so ya rabu da Inna. Na ji kamar in ture shi in shiga motar. Na dawo gida na ba shanu harawa.

Ga wanda bai san golf ba, bari in faɗa masa yadda na fahimce shi. Fili ne da zai cinye gonakin unguwa guda, an haƙa ramuka goma sha takwas a ciki, kowanne bai fi bakin moɗa ba. Ka bugi 'yar farar ƙwallo da sanda mai kan ƙarfe, ka bi ta a ƙafa, ka sake bugu, har ta faɗa rami. Wanda ya fi kowa ƙarancin bugu shi ya ci. Wato wasa ne da wanda ya fi kowa gudun aiki yake zama gwani. Da na ji haka na ce lallai don autanmu aka ƙirƙiro shi.

Labarinsa a bakin Kawu muke ji duk Sallah. Yankan ciyawar dai bai yi ba, kamar yadda kowa ya zata. Ya fara da shiga daji yana tsinto ƙwallayen da suka ɓace wa masu wasa. Daga nan aka ba shi ɗaukar jakar sanduna, jakar ta kusa tsawonsa, yana bin manya rami zuwa rami. Akwai rana ɗaya a mako da ake barin masu ɗaukar jaka su buga, to a nan asirinsa ya tonu. Da aron sanda, ba takalmi a ƙafarsa, ya doke duk yaran wurin, sannan ya koma kan waɗanda suka girme shi. Wani tsohon soja da ya yi ritaya ya tsaya ya kalle shi, ya je gida ya kwaso tsofaffin sandunansa ya ba shi. Aka fara kai shi gasar yara, yau Zariya gobe Jos, yana dawowa da kofi. Gemu bai gama fito masa ba ya shiga sahun ƙwararru, waɗanda wasan ne sana'arsu. Daga nan sai muka riƙa jin Legas, Ghana, Kenya.

Ranar da aka fara ambatonsa a rediyo, Baba ya fito da rediyon a hannu ba hula, yana bin majalisa ɗaya bayan ɗaya. Sunan autan nan ya kira shi a ranar fiye da yadda aka kira shi ranar suna. Aka kawo hotonsa ya ɗaga kofi, Baba ya sa aka kafa ƙusa a zaure, daidai saman inda nake jibge buhunan masara. A shekarar na yi noman da ban taɓa yin irinsa ba. Masara har rumbu ya kasa ɗauka, audugata sai da mota ta yi sawu biyu zuwa Funtua. Na tsaya a gaban Baba ina karkaɗe hula, ina jiran ko kalma ɗaya. Ya dubi buhunan ya ce, "Allah ya yi ruwa bana."

Gaskiya ne, Allah ya yi ruwa. Amma a gonar maƙwabcinmu ma an yi ruwan.

Ba zan yi wa abin kwalliya ba, hassada na yi, mai zafi kuwa. In ana hirarsa a majalisa sai in tuna ban ɗaure akuya ba. In aka ce ya zo na biyar a wata gasa, sai in ji tuwon ranar ya fi daɗi. Wani malami abokina ya lura, ya ja ni gefe ya ce, "Ka yi hattara, hassada ga mai rabo taki ce." Na ce masa ni manomi ne, na san tsadar taki, in haka ne kuwa ba wanda ya kai ni yi wa yaron nan hidima.

Abin da ya fi ci mini rai, ba shi da halin da zan riƙe. Da yana da girman kai da na sami abin faɗa. In ya zo gida, tun daga ƙofar zaure yake cire takalmi ya durƙusa, "Yaya, mun same ku lafiya?" Ya sayo mini injin ban ruwa, ya yi wa Inna ɗaki na bulo. In ya miƙo hannu sai in ga na hagu ya fi na dama haske, wai safar hannu yake sa wa ɗayan in zai buga. Mutum har hannunsa ɗaya yana zaman inuwa! Na kalli nawa, duk kanta da tsaguwa, na mayar da su aljihu. Injin kuwa na yi amfani da shi, ba zan yi ƙarya ba, amma duk lokacin da na ja igiyarsa sai na yi tsaki.

Ana nan na yi aure, Allah ya ba ni ɗa namiji. Ɗan fari. Abin da aka yi mini shi na yi masa, don ban san wata hanya ba, kuma ko na sani mutane na kallo. Ban ɗauke shi a gaban jama'a ba, ban kira sunansa ba. Da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Ya ji ƙannena mata suna ce mini Yaya, shi ma ya kama Yaya, ba wanda ya gyara masa. Autanmu kuwa Baba Ƙarami yake ce masa, da tafiya ta yi tafiya ya yar da Ƙaramin, ya bar Baba.

Amma a gona yaron nawa ne. Can ba zaure, ba baƙi, ba mai ƙirga sau nawa na kalle shi. Yana gaba yana jan bijimai, ina baya riƙe da garma, mu wuni ba mu yi magana goma ba, kuma ban taɓa jin hira mai daɗin wannan ba. Yana da hannu, yana da haƙuri da dabba. In muka zauna cin fura sai in yi kamar na ƙoshi in tura masa ƙwaryar. A raina na riga na ware masa gonar fadama, ban dai gaya wa kowa ba.

Sai wata Sallah autanmu ya zo da tsaraba: 'yar sandar golf da aka rage wa tsawo, da ƙwallaye uku. Bayan an kwashe amfani, suka fita gonar bayan gida. Ina gyaran danga, ina kallonsu ta wutsiyar ido. Ya gyara wa yaron tsayuwa, ya riƙe masa kafaɗa, ya ja baya. Yaron ya ɗaga sandar ya sauke. Ni ban san golf ba, amma na san aiki mai kyau in na gan shi. Ƙwallon ta tashi kamar an kira ta daga sama, ta wuce kukar da ke kan iyaka. Autanmu ya cire hula ya jefar yana ihu. Ni kuwa na juya musu baya na ci gaba da gyaran danga.

Daga ranar yaron ya canza. Yana zuwa gona, yana aikinsa, amma ko sandar kora ya riƙe sai ka ga yana gwada bugu da ita. In wayar Inna ta yi ƙara ya riga kowa zuwa, ko Babansa ne. Na ƙara masa aiki, ya yi, ya gama ya ɗauki sandarsa. Na sami uwarsa a madafa na ce mata, "Kina ganin abin da ke faruwa kuwa?"

Ta ci gaba da tuƙa tuwo. "Ina gani. Ni ma ɗan farina ne, mi kake so in ce?"

Babbar Sallar da ta biyo baya, bayan La'asar, muna zaure: Baba, da ƙannensa biyu, da liman, da ni a can bakin ƙofa inda na saba zama. Baba ya tsufa sosai a lokacin, idonsa ya fara rauni. Autanmu ya gyara zama ya fuskance shi.

"Baba, alfarma na zo nema. Yaron nan na ɗakin Inna, ina so a ba ni shi. Wallahi abin da ke hannunsa ya fi nawa a shekarunsa. Zan sa shi makaranta mai kyau, in koya masa wasan da kaina."

Ba ni ya tambaya ba, kuma bai yi laifi ba. A wurinmu ba a tambayar uba ɗan farinsa, kakan ake tambaya. Uban nasa ya sunkuyar da kai kamar maganar ɗan maƙwabta ake yi. Na sunkuyar.

Baba ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Ni na taɓa yin zaɓe sau ɗaya a zauren nan, ba ni ƙarawa. Ga ubanshi nan, ka tambaye shi."

Liman ya dubi ƙannen Baba, su ma suka dube shi, don ba a saba jin haka ba. Ni kuwa tunda nake ban taɓa jin Baba ya nuna ni da wata kalma da ta wuce "wancan" ba. Ga wuƙa ga nama an miƙo mini. Kalma ɗaya zan faɗa, autan nan da duniya ke tafa wa ya koma Kaduna hannu rabbana. Wallahi na so in faɗa. Na so in ga fuskarsa in an hana shi abu sau ɗaya a rayuwarsa.

Ta ƙarƙashin asabarin ƙofar cikin gida na hango yatsun ƙafa, sun yi fari da ƙura, babban yatsan yana murza ƙasa. Na san ƙafar, kullum ita nake bi a bayan bijimai.

Na nemi dalilin da zan bayar. Ba zan iya cewa ina son ɗana ba, a gaban liman da iyaye, gara ƙasa ta tsage in shige. Dalili ɗaya ne ya rage wanda mutane za su karɓa: yana da amfani a gona, in ya tafi wa zai ja mini shanu? Har maganar ta zo bakina. Sai na ji muryar da za ta fito da ita ba tawa ba ce, kuma na san abin da take yi wa yaron da ke laɓe yana saurare.

Na ce, "Ai ɗanka ne. Ni mene ne nawa a ciki?"

"Madalla!" in ji liman. "Haka ake so, wannan shi ne zumunci." Ƙannen Baba suka shiga sa mini albarka, wai na nuna kunya irin ta mutanen da. Yatsun nan suka ɓace daga ƙarƙashin asabari, na ji gudunsa har ɗakin Inna yana kiranta. Baba ya lalubi carbinsa.

Washegari autanmu ya same ni ina ba shanu ruwa. Ya tsaya yana sosa ƙeya kamar yana yaro.

"Yaya, mu biyu ne nan. In ranka bai so ba ka gaya mani, sai in ce na fasa."

Ka ga irin halin nasa ko? Ko a nan sai da ya fi ni. Na ce, "Ka taɓa jin an yi kyauta an karɓe? Matsa, kana tsorata mani sa."

Ranar tafiya ban raka su ba, uba ba ya rakiyar ɗan fari. Yaron ya zo ya durƙusa daga nesa ya ce, "Yaya, mun tafi." Na ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ina kallon igiyar da ke hannuna. Daminar da ta biyo baya na ɗauki ɗan maƙwabta yana ja mini bijimai. Yaron kirki ne, sai dai surutu.

Suna zuwa da Sallah. Ya yi tsawo, ya yi haske, Turanci a bakinsa kamar ruwa. Yana gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa dattijon unguwa. Ba abin da zan ce an rage shi da shi, an riƙe shi fiye da yadda zan iya. Wannan ma wani ciwon ne.

Kwanan baya ina zaune a majalisa bakin shagon mai shayi, sai ga samari sun taho da waya suna rige-rige. "Ga ɗanka! Ga ɗanka ya ci gasar yara ta ƙasa!" Suka tura mini wayar har hanci. Na kawar da kai na ce, "Ku kai wa ubanshi a Kaduna, ni ina ruwana." Dattawa suka yi dariya, suka ce kunyar nan dai ba za ta bar ni ba. Na shanye shayina a hankali, har da hura shi, alhali ya riga ya huce.

Ranar kasuwar Malumfashi na hau babur na tafi, can inda ba a san ni sosai ba. Na sami wani mai cajin waya na gaya masa abin da nake nema, na ce ɗan wani abokina ne. Ya nemo bidiyon gasar ya tura mini a wayata. Ban buɗe a kasuwa ba, ban buɗe a gida ba. Sai da na isa gonar fadama da tsakar rana, na duba gabas da yamma ba kowa, na zauna gindin ɗorawa.

Ga shi nan cikin farar riga, a kan ciyawar da ba a taɓa sa wa fartanya ba. A bayansa autanmu ne, ƙwararren da ake ɗaukar wa jaka, yau shi ya saɓa jakar yaron a kafaɗa. Yaron ya durƙusa ya auna ƙasa da ido, ya miƙe, ya taɓa ƙwallon a hankali. Ta gangara, ta yi kamar za ta kauce, ta faɗa. Mutane suka ɗau tafi. Ya saki sandar ya ruga da gudu ya faɗa jikin ƙanena.

Na mayar da shi farko na sake kallo, na kuma sakewa. Na kira sunan Allah, na yi dariya ni kaɗai, na share ido da hula. Da aka zo wurin rungumar sai na tsayar da hoton, na sa babban yatsana na rufe fuskar ƙanena. Ta rufu sarai, har da hularsa. Sai dai hannuwansa da suka zagaye bayan yaron, su na juya yatsa ta kowace fuska, ba yadda zan rufe su ban rufe ɗana ba.